Kunun Da Ya Tashi Gayyar Riɗi

A duk faɗin Zandam babu wanda ya kai Malam Aminullahi sanin magani, in dai shi za ka tambaya. Asalin ilimin nasa kuwa, ya taɓa yin gadin wani kyamis a Birnin Kudu na sati uku, kafin mai kyamis ɗin ya sallame shi saboda ya fara duba marasa lafiya tun daga bakin ƙofa. Tun da ya dawo gida ya soke biro biyu a aljihun gaba, in ka kuskura ka yi tari a gabansa sai ya cafke hannunka ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Mutane suka laƙaba masa Dakta don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ko daga nesa ka kira shi sai ya ce, "Na'am, ina ne ke ciwo?"

Abu guda ne ya gagari ilimin Dakta, shi ne rufin ɗakin matarsa Ummussalma. Damina shida ke nan yana yoyo, da hadari ya haɗo sai ka ga baiwar Allah tana jera kwanuka da robobi a tsakar ɗaki. A bana dai Allah ya ba shi riɗi, gona guda ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ya yi wa Ummussalma rantsuwa da an kakkaɓe riɗin nan za a yi mata rufin kwano, har ya kira Zakka kafinta ya auna ɗakin ya ce bandir biyu zai isa.

Shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa. Da ganyensa ya fara rawaya dole a yanke shi cikin kwana biyu uku, in an yi sake kwanson ya bushe a tsaye ya fashe, tsabar ta zube ƙasa, sai dai tururuwa ta yi maka godiya. Don haka aka sa ranar Alhamis za a yi masa gayya, maƙwabta su taru da laujensu su yanke shi rana ɗaya, shi kuma ya ba su kunu da tuwo kamar yadda aka saba.

Saura kwana biyar gayya, ƙaddara ta bi da shi ta gidan maƙwabcinsa Buba, mai kiwon shanu. Ya tarar Buba yana murmushe ɗan guntun kanwa a cikin ruwan shanun huɗarsa, wasu bijimai biyu sai sheƙi suke yi.

"Buba, wannan ɗan abin ne ke sa su ƙiba haka?"

"Yana taimakawa," in ji Buba. "Yana buɗe musu ciki su ci ciyawa sosai. Amma ɗan kaɗan ake sawa, sati-sati."

"Ɗan kaɗan! Ka ji matsalarku ke nan, rowa da rashin lissafi. In ɗan guntu ya yi wannan aikin, dunƙule goma fa?"

"Dunƙule goma sai ka nemo mahauci."

Dakta bai ji wannan ba, ya riga ya zaro biro yana zane a tafin hannunsa. Kafin ya iso gida lissafi ya kammala: in guntun kanwa na ba sa ƙarfi, kuma ɗan Adam ma kunun kanwa yake sha ya yini yana noma, to ashe ƙarfin duk a cikin kanwar yake, geron rakiya kawai ya yi. A ninka kanwa, a ninka ƙarfi. Ya tsaya a zaure ya yi wa kansa kirari a hankali, don babu wanda zai yi masa.

Gwajin farko a tukunyar Ummussalma aka yi shi. Ta ɗora wake, ta jefa ƙwayar kanwa kamar ƙwayar masara don ya yi saurin nuna, ta shiga ɗaki. Dakta ya lallaɓo ya antaya cikin hannu guda. Kafin ta fito tukunya ta yi kumfa ta kashe wutar, waken ya narke ya koma wani baƙin abu mai warin sabulun salo.

"Malam, me ka zuba mini a girki?"

"Ilimi. Ke da kike awa guda kina jiran wake, dubi yadda ya nuna kafin ki juya."

"To bismilla, ci."

Ya kai loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da kyar. Ya ce ai ya ƙoshi tun a waje. Aka zuba wa kaji, zakara ya zo ya leƙa, ya kalli Dakta, ya yi gaba abinsa. Ranar da rogo da ƙuli aka kwana.

Gwaji na biyu jakinsa ne ya sha shi, wani tsohon jaki da ko an doke shi sai ya gama tunani yake ɗaga ƙafa. Dakta ya dama masa dusa da kanwa rabin kwano, ya zuba gishiri don armashi, jaki ya lashe tas. Washegari da hantsi ya haye shi zai je kasuwar Sara, ya bi ta gaban majalisa da gangan yana ɗaga wa mutane hannu.

Jaki kuwa ƙishirwa ta ishe shi tun asuba. Suna fita gari ya jiyo ƙanshin ruwan wani kududdufi, ya miƙe kunnuwa, ya zabura. Tun da aka haifi jakin nan ba a taɓa ganin ya yi irin wannan gudu ba. Dakta ya rungume wuyansa yana salati, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. A bakin ruwa jaki ya ci birki, Dakta ya wuce ta saman kansa ya faɗa cikin taɓo.

Mutanen majalisa suka iso da gudu, suka tarar da shi zaune cikin ruwa, gwiwar hannu na jini, bakinsa har kunne.

"Kun gani? Kun ga gudu? Jakin da kuke cewa ya kusa mutuwa!"

"Dakta, ƙishirwa ce fa ta koro shi," in ji Buba. "Dubi yadda yake shan ruwa kamar zai ƙafar da kududdufin."

"Injin mai ƙarfi ai dole ya sha ruwa. Ka taɓa ganin tirela?"

Aka kai shi ƙaramin asibitin garin a wanke masa ciwo. Ma'aikaciyar wurin, Sista Catherine, ta shekara tara a Zandam, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Tana goga masa magani yana ba ta labarin bincikensa, a matsayin abokiyar aiki.

Ta ajiye audugar ta dube shi. "Malam Aminullahi, gishiri kana sa shi a miya?"

"Sosai."

"In babu shi fa?"

"Lami ke nan, wa zai ci?"

"To in aka juye maka mudu guda a kwano ɗaya?"

"Wannan ai gishiri ne, Sista. Ni maganar kanwa nake yi."

"Duk tafiyarsu ɗaya. Kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata. Kanwa in ta yi yawa tana wanke ciki, tana wahalar da ƙoda, mai hawan jini kuwa tana iya kwantar da shi. Ko maganin da muke bayarwa a nan, ƙwaya biyu ta warkar, ashirin ta kai mutum kabari. Kada ka ba kowa."

Dakta ya yi murmushin manya. "Sista, ba raini ba, ku an koya muku na littafi. Ni a Birnin Kudu na yi aiki."

"Na ji labari. A bakin ƙofa."

Ya fito yana cewa hassada ce irin ta ma'aikata, ba sa son a gano abin da zai rage musu layi. Ranar Laraba ya hau mota har Birnin Kudu, ya sayo jar kanwa tiya guda, da sukari, da citta, da barkono, da tsamiya. Daga nan kuma ya tafka babbar wautar. Mutum talatin suka amsa gayyarsa, ya bi gida-gida ya sallami ashirin.

"Ku huta abinku," yake ce musu. "Mutum goma sun ishe ni. Kowane ɗaya zai yi aikin uku, kafin azahar mun gama. Ku dai zo kallo."

Waɗanda aka sallama suka ji haushi, suka ce to Allah ya ba da sa'a, kowa ya kama sabgar gabansa. Wasu kuwa suka ce kallon nan ba zai wuce su ba.

Ummussalma da ta ji, sai da ta zauna. "Malam, ka rufa mini asiri. Riɗin nan shi ne rufin ɗakina. Ka bar ni in dama kununa yadda uwata ta koya mini, ka je ka ba mutanen nan haƙuri su dawo."

"Ke dai ki shirya jin ƙarar ruwa a kan kwano."

"Wallahi hannunka ba zai taɓa tukunyata ba."

Bai taɓa tukunyarta ba kuwa, don mutum ne mai cika alkawari. Ta dama kununta lafiyayye da sassafe, ta juye a babbar roba, ta rufe, ta ɗora masa a amalanke. Sai da ya kai bayan gari ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya fito da ƙullin kanwar da ya jiƙa tun jiya, ya tuttule duka. Ya ɗanɗana, fuskarsa ta yamutse. Ya zuba sukari. Ya ƙara barkono da citta. Ya kawo ruwan tsamiya ya zuba don ya kashe ɗacin, nan take kunu ya yi wata irin ƙara ya taso da kumfa har yana zuba ƙasa. Dakta ya ja da baya, ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Ƙarfin ne ke tashi!"

A gona ya tarar da mutanensa goma, ga Buba, ga Zakka kafinta wanda ya zo taya shi don shi ma yana son aikin rufin ya tabbata, ga Ismail mai gangar noma. A kan iyakar gona kuma 'yan kallo sun fi ashirin, har da matan da za su tafi ɗiban ruwa sun ajiye bokitai.

Dakta ya hau kan amalanke ya yi jawabi. Ya ce yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba daga nan har Gwaram. Ya ce nan gaba daga Dutse za a riƙa aiko masa da mota. Sannan ya buɗe roba.

Buba ya kurɓa ya furzar. "Wannan ko bijimina ba zai sha ba."

"Shi ya sa har yau bijiminka bai zama komai ba. Zakka, karɓi."

Zakka ya sha, ya runtse ido. "Dakta, kamar ana wanke mini maƙogwaro da toka."

"Alamar yana aiki ke nan. Maza ne ku ko yara? Ku duba nan!"

Ya cika ludayi ya shanye. Ya sake cikawa ya shanye. Ya yi na uku, ya yi na huɗu, ya buga ƙirji, ya yi gyatsar da sai da Ismail ya waiga. To, ga mata na kallo, wa zai yarda a ce ya kasa? Kowa ya toshe hanci ya ɗaga ludayi biyu. Buba kaɗai ya koma gefe ya kwance goran furarsa.

Ismail ya saki ganga, lauje ya fara aiki. Gaskiya rabin awar farko an yi yanka na ban mamaki, don barkono na cin bakin kowa, kowa so yake ya huce a kan riɗi. Dakta na bin bayansu yana yi wa 'yan kallo nuni da hannu.

"Ku ƙirga kunyoyin da aka yanke! Ku ƙirga da kyau, kada gobe a ce ƙari na yi!"

Sai kiɗa ya fara canzawa. Ismail ya yi wani bugu da babu shi a gangar noma, ya tsaya, ya saurara kamar mai jin kira daga nesa. Ya sake bugu biyu. Sai ya ajiye ganga a hankali, ya ce, "Ina zuwa," ya nufi gonar dawar da ke maƙwabtaka yana tafiya ƙafa a haɗe.

Zakka ne na biyu. Shi ko sallama bai yi ba, ya yar da lauje ya bi sawu. Kafin a ce haka mutum huɗu sun miƙe tsaye lokaci guda, suka kalli juna, suka kalli dawa. Buta kuwa guda ɗaya ce a gonar.

"Ni na riga ɗauka!"

"Sakar mini, na girme ka!"

"Yau babu girma, Baba!"

Dakta ya ɗaga hannu. "Jama'a, kada ku tsorata! Tsohon rauni ne ke fita, sabon ƙarfi na shigowa! Ku dawo bakin..."

Bai ƙarasa ba. Cikinsa ya yi wani ƙugi da har matan da ke kan iyaka suka ji. Ludayi huɗu suka tashi neman hakkinsu a lokaci guda. Ya tsaya cak, gumi ya karyo masa, ya dubi gonar dawa ya ga ta cika, kowane lungu da hular wani. Babu abin da ya rage sai wani ɗan guntun suri a tsakiyar gonarsa, wanda ko akuya ba zai ɓoye ba. Ya tattare babbar riga ya ruga, biro biyu suka zube a hanya.

"Dakta, ina ne ke ciwo?" wata mata ta ƙwala masa.

Dariya ta ɓarke, har wata ta faɗi a kan bokitinta. Ana cikin haka mai gonar dawa, wata tsohuwa Inna Hapsatu, ta iso da sandarta, ta ga abin da ake yi mata a gona. Ta shiga kora tana zagi, maza tara suka fito ta kowace kusurwa riƙe da mazagi, suka rasa inda za su nufa.

"Inna, taki ne kyauta!" Dakta ya ɗago kai daga bayan suri.

"Kai ma zan zo kanka, ɗan banza mai biro!"

A amalanken da ya kawo kunu aka kwashi mutane zuwa asibiti, sawu uku, bijiman Buba na ja. Sista Catherine ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta sa wa dattijo ɗaya ƙarin ruwa, ta auna jinin kowa, ta ce Allah ne ya tsare babu mai ciwon ƙoda a cikinsu, da yanzu wani zancen ake yi. Sauran ta ce a haɗa musu ruwan gishiri da sukari, ta nuna wa matansu awo: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Dakta na kwance a benci, ido ya faɗa, murya kamar ta sauro. Ya ɗago yatsa.

"Sista, in rabin cokali zai tsayar da shi gobe, ai cokali biyar..."

Ummussalma ta fizge cokalin ta soke a ɗaurin zaninta. "Ka ƙara magana in kira Inna Hapsatu."

Kwana uku babu wanda ya iya riƙe lauje a cikin mutum taran nan. Ashirin ɗin da aka sallama kuwa kowa ya ce ai an ce ya huta, yana nan yana hutawa. Rana ta buɗe, irin ta ƙarshen damina mai zafi. Buba da Ummussalma suka shiga gona su biyu suna yanka abin da za su iya, riɗi na fashewa a hannunsu. A rana ta uku Dakta ya lallaɓo da sanda ya tsaya a bakin gona. Ko'ina ƙas, ƙas, ƙas kake ji, kwanso na buɗewa, ƙasa ta yi fari da tsaba, kurciyoyi sun sauka kamar an gayyace su. Ya ga matarsa a duƙe tana tattara abin da ya zube da tafin hannu, tana hurawa tana zubawa a ƙwarya. Ba ta ɗago ta dube shi ba. A nan kam Dakta ya ji kunya ta gaske, abin da bai taɓa faruwa da shi ba.

Amma kunyar Dakta ba ta kwana biyu. Da aka kakkaɓe riɗi aka kai Sara, abin da aka samu ya sayi kwano falle huɗu, maimakon bandir biyu. A majalisa aka tambaye shi yaya amfanin gona.

"Alhamdu lillahi. Ai binciken da na yi ya nuna abu kaɗan shi ne mai amfani. Ita kanta Sista ta yarda da ni."

Zakka, wanda har lokacin in ya ji an ce kunu sai ya dafe ciki, ya zo ya tambayi Ummussalma inda za a kafa falle huɗun. Ta nuna masa daidai saman gadonta da inda take ajiye kayan sawarta. Ya buga su a nan, suka zauna ɗas.

Ruwan farko na sabuwar damina da la'asar ya sauko, mai ƙarfi. Ummussalma ta hau gadonta ta miƙe ƙafa, tana jin ƙarar ruwa a kan kwano karo na farko a gidan aurenta. Dakta na tsugune a ɗaya ɓangaren kan tabarma, roba a ka, ruwa na bin bayan wuyansa.

"Ummussalma, ɗan matsa mini mana. Ko gefe-gefe."

Ta dube shi, ta dubi rufin, ta gyara filo.

"A'a, Dakta. Ai ruwa lafiya ne. In ɗigo ɗaya na da amfani, ka lissafa abin da bokiti zai yi maka."